Katsalandan ɗin ƙasashen waje: wa ke yanke hukunci, wa ke kwasar wahala?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da kullum muke taɓawa mu wuce, yau ina so mu zauna a kanta: tsoma bakin manyan ƙasashe a harkokin ƙasashe masu tasowa, gyara yake kawowa ko ɓarna? Matsayina a fili yake, ɓarnar ta rinjayi gyaran. Ba wai don duk wanda ya shigo da mugun nufi ya zo ba. Dalilina shi ne wanda ke yanke shawarar shiga ba shi ke zama da abin da ya biyo baya ba.

Ku dubi Libiya. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, ya ba da izinin kare fararen hula, a lokacin ana fargabar abin da zai faru a Bengazi. Jiragen NATO suka shiga, aikin kare fararen hula ya rikiɗe ya koma na kifar da gwamnati. Ranar 20 ga Oktoba aka kashe Gaddafi a Sirte, a ƙarshen watan nan NATO ta ce ta gama aikinta, kowa ya kama gabansa. Rumbunan makamai aka bar su a buɗe. A Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, da hannun mayaƙan da suka dawo daga Libiya da makamansu. A Maris sojoji suka kifar da Amadou Toumani Toure, cikin 'yan kwanaki Kidal da Gao da Tumbutu suka fita daga hannun gwamnati. Wutar nan ce ta bi ta tsakiyar Mali, ta shiga Burkina Faso da Nijar, har yau ba ta mutu ba.

A 2016 Obama da kansa ya ce rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi girma a mulkinsa. Shi nadama ya yi ya ci gaba da rayuwarsa. Manomi da makiyayin Sahel, waɗanda ba wanda ya nemi shawararsu, su ne ke binne gawa.

Injiniya Musa:
Wa alaikumus salam Malam. Ba na musa ko ɗaya daga cikin abin da ka lissafa, amma ka bar rabin labarin a waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyar ƙasashen Larabawa da kanta ta nemi a hana jiragen Gaddafi tashi. Ƙasashen Afirka uku da ke cikin Kwamitin Sulhu a lokacin, Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, dukkansu ƙuri'ar amincewa suka kaɗa. Jamus da Indiya da Brazil da Rasha da Sin ne suka ƙaurace. Sannan mutumin da ya yi shekara 42 yana mulki bai bar majalisa ta gaskiya ba, bai bar jam'iyya ba, bai bar rundunar soja guda mai biyayya ga ƙasa ba, dole ranar da ya faɗi komai ya faɗi tare da shi.

Abin da ke damuna da irin wannan hira shi ne ta zama mafakar shugabanni. Duk wanda ya gaza sai ya nuna ƙetare da yatsa. Koriya ta Kudu an yi mata mulkin mallaka, an yi yaƙi a kanta daga 1950 zuwa 1953, ta ci tallafin Amurka, sojojin Amurka suna can har gobe. Yau ita ke sayar wa duniya motoci da jiragen ruwa da wayoyi. Botswana ta zauna da kamfanin De Beers ta yi ciniki a kan lu'ulu'unta, ta mallaki rabin kamfanin haƙar, ta zuba kuɗin a makarantu da asibitoci. Su ba a shigo musu ba ne?

Aminu:
Injiniya, da girman kujerarka, wannan maganar ba ta shige ni ba. Duk wanda ya tashi zai gina bangon ai kashe shi suke yi. Ina Lumumba? Ina Sankara? Gini ta ce a'a a ƙuri'ar 1958, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu da kayan aiki suka tafi don ta zama darasi ga saura. Sai a zo daga baya a ce laifin mutanen ƙasa ne.

Malam Habibu:
Injiniya, maganar ƙuri'ar ƙasashen Afirka uku gaskiya ce, kuma tana da ciwo, tunda a lokaci guda Tarayyar Afirka tana da nata shirin sulhu da aka yi watsi da shi. Amma kada mu ɗauka duk tsagewar bango daga ciki take fitowa.

Iran a 1951 tana da majalisa da firaminista, Muhammad Musaddiq, wanda ya mayar da man fetur hannun ƙasa daga kamfanin Birtaniya. A 1953 hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka shirya kifar da shi, kuma a 2013 CIA ta fitar da takardun da ta amsa hakan. Shah, wato sarkin Iran, ya yi mulkin kama-karya har 1979, abin da ya biyo baya kowa ya sani. Gwatamala a 1954 haka aka yi wa Jacobo Arbenz saboda ya taɓa filayen kamfanin United Fruit. Ƙasar ta faɗa yaƙin basasa daga 1960 zuwa 1996, an yi asarar rayuka kusan dubu 200.

Kwango kuwa ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ta samu 'yanci ranar 30 ga Yuni 1960. Ba a yi mako biyu ba Katanga, inda arzikin tagulla yake, ta ɓalle da goyon bayan Beljiyam. Lumumba bai cika wata uku yana riƙe da gwamnati ba. Ranar 17 ga Janairu 1961 aka harbe shi a Katanga, jami'an Beljiyam suna wurin, aka narkar da gawarsa. Haƙori guda ne ya rage, wanda wani ɗan sandan Beljiyam ya ajiye, sai a 2022 aka mayar wa iyalinsa. 'Ya'yansa sun yi shekara 61 kafin su samu abin da za su binne.

To ga inda nake so mu tsaya. Mobutu ɗan Kwango ne, na yarda. Amma me ya ba shi damar yin shekara 32, daga 1965 zuwa 1997, yana wawure ƙasa, hanyoyi suna mutuwa, malamai ba albashi? Saboda ba mutanensa ke riƙe da kujerarsa ba. Muddin yana tare da Yamma a yaƙin cacar baka, kuɗi na zuwa, makamai na zuwa, in 'yan tawaye sun taso a Shaba, wato Katanga ta da, kamar a 1977 da 1978 a kawo sojojin waje su cece shi. Babbar ɓarnar katsalandan a wurina ita ce tana juya fuskar shugaba daga talakawansa zuwa ga masu ɗaure masa gindi. Shugaban da ke buƙatar harajin jama'a da yardarsu dole ya saurare su. Wanda ke da uban gida a waje ba ya buƙatar kowa a gida.

Barista Zainab:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni dai ina da tambaya guda, kuma ba don in kayar da kai nake yin ta ba. Ruwanda fa?

A Afrilun 1994 akwai dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali ƙarƙashin Janar Romeo Dallaire. Tun a Janairu ya aika saƙo cewa ana tara makamai, ana shirin kisa. Da kisan ya fara, aka kashe sojojin Beljiyam 10, Beljiyam ta janye nata, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa mutum 270. Cikin kwana 100 aka kashe mutane kusan dubu 800, akasari da adda. Akwai wata makarantar koyon sana'a a Kigali inda mutane kusan dubu 2 suka fake saboda sojojin Beljiyam suna wurin. Ranar da sojojin suka hau motocinsu suka tafi, a ranar aka kashe mafi yawansu. Waɗannan bayin Allah da aka tambaye su, ba maganar diyaucin ƙasa za su yi ba, cewa za su yi ku tsaya.

Saboda Ruwanda ne kundin kafa Tarayyar Afirka na 2000 ya ba ƙungiyar damar shiga ƙasa idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi, sannan a 2005 shugabannin duniya suka amince da ƙa'idar alhakin kare al'umma. Kuma akwai shigar da ta yi amfani. Sojojin Tanzaniya ne suka kori Idi Amin a 1979. Na Vietnam ne suka kawo ƙarshen mulkin Khmer Rouge a Kambodiya a farkon 1979. A Saliyo, inda 'yan tawaye ke datse wa mutane hannu, dakarun ECOMOG sun zubar da jininsu, sojojin Birtaniya suka shigo a 2000, yaƙi ya ƙare a 2002. A Gambiya a Janairun 2017 dakarun ECOWAS ne suka sa Yahya Jammeh ya bar kujerar da ya faɗi zaɓenta, ba a yi yaƙi ba. Idan muka ce duk shiga haram ce, mun miƙa wa azzalumi lasisin yanka mutanensa a cikin iyakarsa.

Malam Habibu:
Barista, tambayarki mai nauyi ce, kuma ban ce a naɗe hannu ana yanka mutane ba. Amma ki lura Ruwanda ba ƙasar da aka ƙyale ba ce kafin 1994. Beljiyam ce ta sa ƙabila a katin shaida tun shekarun 1930, kuma katin nan ne aka riƙa dubawa a shingayen kisa. Faransa ta yi shekaru tana tallafa wa gwamnatin Habyarimana da makamai da horo. Kwamitin masana tarihi da Macron ya kafa ya ce a 2021 Faransa na da alhaki mai nauyi a abin da ya faru. Kuma a makon farko na kisan sojojin Turai sun sauka a Kigali, suka kwashe 'yan ƙasashensu suka tashi. Ana shiga a lokacin da ake da buƙata, a fita a lokacin da mutane ke da buƙata.

Misalanki masu kyau kuwa, yawancinsu maƙwabta ne. Tanzaniya da Senegal ba su da inda za su gudu in Yuganda ko Gambiya ta kama da wuta, shi ya sa suke taka-tsantsan.

Barista Zainab:
A nan kam ban bi ka ba, Malam. Maƙwabci ma yana ɓarna, wani lokaci fiye da na nesa. Habasha maƙwabciyar Somaliya ce, ta shiga a ƙarshen 2006 da goyon bayan Amurka ta tarwatsa Kotunan Musulunci, abin da ya fito daga tokar shi ne al-Shabaab. Saudiyya maƙwabciyar Yemen ce, ka ga abin da ya faru tun 2015. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha cewa Ruwanda na goyon bayan 'yan tawayen M23 na gabashin Kwango, waɗanda suka kama birnin Goma a Janairun 2025. Kusanci ba ya hana kwaɗayi.

Alhaji Tanko:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karanta ku. Duk kun tafi kan bindiga da jirgin yaƙi, ni kuma katsalandan ɗin da na gani da idona da biro da takarda ya zo.

Ina aikin gwamnati a shekarun 1980 lokacin da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na IMF da Bankin Duniya, wanda ake ce wa SAP. Ƙasashe da dama a Afirka da Latin Amurka sun bi ta cikinsa, kuma sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ko'ina: a karya darajar kuɗi, a cire tallafi, a rage ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati, a buɗe kasuwa, a sa kuɗi a asibiti da makaranta. Ina tuna safiyar da aka liƙa takardar sallama a allon sanarwa na ma'aikatarmu. Manyan mutane masu iyali sun yi layi, kowa na bin sunaye da yatsa. Wani abokin aikina da muka yi shekaru a tebur ɗaya ya ga sunansa, bai ce uffan ba, ya koma ofis ya ɗauki hularsa da buta ya fita. Mu da muka rage, albashin yana nan a takarda, amma a kasuwa ya zama ba komai. Daga nan ne na ga mutanen da na sani da amana sun fara karɓar na goro. Malaman jami'a da likitoci suka fara ficewa ƙasashen waje. Wannan raunin bai warke ba.

A Janairun 1994 an rage darajar kuɗin CFA da rabi a dare ɗaya, ƙasashe 13 ko fiye suka wayi gari kuɗin hannun jama'a ya zama rabi in za a sayi kayan waje. Haiti kuma a 1995 aka sa ta rage harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100, shinkafar Amurka mai tallafin gwamnati ta cika kasuwa, manoman ƙasar suka bar gona suka cika Port-au-Prince. Bill Clinton da bakinsa ya nemi afuwa a 2010. Wa ya zaɓi waɗanda suka rubuta sharuɗɗan nan? A wace majalisa za ka kai ƙararsu?

Injiniya Musa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ka gani ba wanda zai musa maka. Amma a yi mini haƙuri in tambaya: wa ya ciyo bashin? A shekarun 1970 bankuna na neman inda za su zuba kuɗin mai, gwamnatoci suka yi ta karɓa, wasu suka gina abin kirki, da yawa suka kashe a ayyukan ganin ido da aljihunsu. Da Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa a farkon shekarun 1980, farashin kayan da muke sayarwa ya faɗi, sai asiri ya tonu. Meziko ta kasa biya a 1982, saura suka biyo baya. IMF ba ta zuwa sai an kira ta. Kuma ana iya ce mata a'a: a rikicin Asiya na 1998 Mahathir ya ƙi shirinta, ya sa takunkumi kan fitar da kuɗi daga Maleshiya, ƙasar ta farfaɗo. Amma ya iya yin haka ne domin baitulmalinsa ba wayam yake ba.

Alhaji Tanko:
Haka ne ɗana. Sai dai wanda ya ciyo bashin da wanda ya bayar duk sun san inda kuɗin ke tafiya, kuma ba ɗayansu da aka liƙa sunansa a allon nan.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, bari in kawo nawa ɓangaren, don ina ganin in ana maganar tsoma baki ana mantawa da tallafi, alhali shi ne ya fi shiga rayuwar talaka.

Ba zan iya zagin tallafi ba. Agana da ta addabi kakanninmu haɗin gwiwar duniya ne ya kawar da ita, aka tabbatar a 1980. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Shirin PEPFAR na yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki, wanda George Bush ya kafa a 2003, an ƙiyasta ya ceci rayuka miliyan 25. Na ga mace ta zo a kwance, ƙashi da fata, aka ɗora ta kan magani, bayan wata shida ta dawo da ƙafarta goye da ɗanta wanda bai kamu ba. Wanda ya ga wannan ba zai ce duk abin da ya fito daga waje sharri ba ne.

Amma in ka shiga ɗakin ajiyar magani ka duba kwalaye, kusan kowanne da tambarin wata ƙasa ko wata ƙungiya. Maganin cuta mai karya garkuwar jiki, na tarin fuka, gidan sauro, alluran rigakafi, har firijin da ake ajiye su. Rahoton wata-wata da muke cikewa, mai ba da tallafi ake wa, shi ake tsoron ɓata wa rai. Cutar da ke da mai ɗaukar nauyi tana da mota da ma'aikata, hawan jini da ciwon suga da haihuwa kuwa sai abin da Allah ya yi. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, 'yan ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Me zai sa su cika, tunda wani na biya? Sai ga shi a farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafi, aka rushe USAID, marasa lafiya a ƙasashe da yawa suka zo suka tarar da ƙofa a rufe. Sa hannun mutum ɗaya a wata nahiya ya taɓa maganin uwa da jariri a wata. Don haka maganar Malam Habibu ta juya fuskar shugaba na gan ta a aikace, ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba.

Kuma ko masu zuwa da niyyar taimako, in sun yi ɓarna ba mai kama su. Kwalarar da ta kashe kusan mutum dubu 10 a Haiti daga 2010, daga sansanin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito. Sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon ya nemi afuwa, kotunan Amurka kuma suka ce majalisar na da kariya daga shari'a.

Aminu:
To ai shi ya sa nake jinjina wa Mali da Burkina Faso da Nijar. Faransa ta shigo Mali a 2013, ta yi kusan shekara 10 da rundunoninta na Serval da Barkhane, ta'addanci sai ƙaruwa ya yi. Yanzu an sallame su, Nijar ta sallami sojojin Faransa a 2023, na Amurka suka bar Agadez a 2024. Gara a yi hulɗa da Rasha da Sin, su ba su taɓa yi mana mulkin mallaka ba, kuma ba sa gindaya sharaɗi.

Barista Zainab:
Ƙanena, fushinka na da tushe, amma ka duba da kyau. A Maris 2022 a garin Moura na tsakiyar Mali, rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali tare da mayaƙan waje sun kashe aƙalla mutum 500 cikin kwana biyar, akasari ba su ɗauke da makami, ranar kasuwa aka fara. Gwamnatin Mali ta musanta, shaidu da masu bincike kuma sun nuna sojojin hayar Wagner na Rasha. Wanda ba ya gindaya maka sharaɗi kan yadda za ka bi da talakawanka ba lallai masoyin talakawan ba ne. Sojan haya ba kyauta yake aiki ba, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da zinare da lu'ulu'u da katako aka biya. Kuma ka tambayi Afganistan: Tarayyar Sobiyet daga 1979 zuwa 1989, Amurka daga 2001 zuwa 2021. Biyun sun zo da tutoci daban, uwar da ta rasa ɗanta ba ta ga bambanci ba.

Malam Habibu:
Aminu, ina tare da kai a kan cewa ƙasa na da ikon cewa sojan waje ya fita. Inda muka rabu shi ne ma'aunin. Ni ba na tambayar wace tuta ce ke kan sansanin, ina tambayar wa shugaban ke jin tsoro. In jiya Paris ce ke tsare masa kujera, yau kuma Mosko, an ɗage zaɓe, an rufe bakin 'yan jarida, to ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu. Haka kuma takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023, rufe iyaka da yanke wutar lantarki, shi ma katsalandan ne, kuma ba waɗanda suka yi juyin mulkin ne suka rasa magani ba.

Injiniya Musa:
Batun Sin kuma a yi adalci. Ita ta gina layin dogo na TAZARA tsakanin Tanzaniya da Zambiya a shekarun 1970 bayan Yamma ta ƙi. Tashar jirgin ruwa ta Hambantota da Sri Lanka ta ba kamfanin Sin haya na shekara 99 a 2017 ana yawan kawo ta misali, amma babban kason bashin waje da ya durƙusar da ƙasar a 2022 na 'yan kasuwar takardun lamuni ne. Matsalar da na fi gani ita ce ɓoye yarjejeniya. Mozambik ce misali: a 2016 aka gano bashin kusan dala biliyan 2 da aka ciyo daga bankunan Credit Suisse da VTB, da sunan jiragen kamun kifi da tsaron teku, gwamnati ta tsaya jingina ba tare da majalisa ta sani ba. Kuɗin ƙasar ya faɗi, masu tallafi suka janye, talaka ya biya. Banki ɗaya na Yamma, ɗaya na Rasha, sa hannun kuma na 'yan ƙasa.

Shi ya sa nake cewa maganin na hannunmu. Duk bashi, duk yarjejeniyar ma'adinai, duk sansanin sojan waje, a kai majalisa a karanta a fili, a buga kowa ya gani. A tara haraji a gida da gaske. Kwamitin Thabo Mbeki ya ce a 2015 Afirka na asarar sama da dala biliyan 50 duk shekara ta haramtattun hanyoyi, mafi yawa ta hannun manyan kamfanoni masu ɓoye riba. Toshe rabin wannan kaɗai zai cika ɗakin maganin Hajiya.

Malam Habibu:
A kan wannan ba mu da saɓani, Injiniya. Abin da zan ƙara shi ne kuɗin da ke fita a bankunan Landan da Zurich da Dubai yake sauka, don haka toshewar tana buƙatar a matsa wa can ɗin ma.

Barista Zainab:
Duk wannan aikin shekaru ne. Ni Sudan ce a gabana. Tun Afrilun 2023 ake yaƙi, sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, an tabbatar da yunwa a Darfur, an kashe mutanen Masalit a El Geneina saboda ƙabilarsu. Malam, a ƙa'idarka me za a yi musu yau? A jira su gina majalisa?

Malam Habibu:
A'a Barista, ba za a jira ba. Amma abin farko da Sudan ke buƙata shi ne a janye hannuwan da suka riga suka shiga. Janar biyun nan, na sojojin gwamnati da na dakarun RSF masu faɗa da su, ba za su iya shekaru suna yaƙi da jirage marasa matuƙa ba in babu mai kawo musu makamai da mai sayen zinarensu. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na taimakon RSF abin gaskatawa ne, ko da yake ta musanta, sojojin gwamnati ma suna da masu ba su. Akwai takunkumin makamai a kan Darfur tun 2004, ba a aiwatar da shi. A aiwatar, a kama sunan masu karya shi ko da abokan cinikin manyan ƙasashe ne, a buɗe hanyoyin kai abinci ta Chadi da Sudan ta Kudu. In kuma za a tura dakarun kare fararen hula, ba zan ƙi ba, da sharaɗin a rubuta iyakar aikinsu, a san kotun da za ta hukunta su in sun yi laifi, kuma ƙungiyoyin sa-kai na unguwanni da ke ciyar da mutane tun farkon yaƙin su samu kujera a teburin sulhu.

Barista Zainab:
Sharaɗin kotun nan shi ne mai wuya. Ƙasashen da ke ba da sojoji ba sa yarda a gurfanar da nasu a wajen gida, kuma in aka dage a kai da yawa za su ƙi bayarwa. Ni da a ce mutanen Darfur su zauna ba kowa, gara a tura dakarun ko da sharaɗin bai cika ba, a ci gaba da neman sa ana aiki.